Sunan da Babu Mai Kira

Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo da cewa Sakan ta faye kafiya, ku sassauta mata yau. Wanda bai taɓa zama agola ba, ba zai gane abin da take karewa ba.

*

A tsakiyar falo Yaya ta dire kwalin, ta zauna tana fifita da gefen mayafi.

"Buɗe ki gani, Likita. Kar ki ce dangin miji ba su yi miki kara ba."

Sakan ba ta motsa ba. Ɗinkin tiyatar haihuwa ya hana ta saurin nan da aka san ta da shi, saurin da ya sa tun tana ƙarama mijin uwarta, mai gyaran agogo, ya laƙaba mata sunan tsinken da ba ya hutawa. Jaririn na kwance a cinyarta, ya dunƙule hannu kamar mai shirin dambe.

Injiniya, mijinta, shi ya tsuguna ya yage bakin kwalin. Kofuna ne farare, an jera su cikin takarda. Ya ciro ɗaya, ya duba, ya yi saurin mayarwa.

"Miƙo," in ji Sakan.

Ya miƙo. A jikin kofin an zana tafin ƙafar jariri, a ƙasa an rubuta suna da ruwan zinare.

"Zayyan." Ta juya kofin a hannunta. "Na mura ne ko na ciwon kai? Sau nawa ake sha a rana?"

"Ki yi ta barkwancinki," in ji Yaya. "Suna ne mai daɗi, na 'yan gayu. Jibi suna, ke da mijinki kun zauna kuna kallon juna kamar kurame. Ai dole wani ya motsa."

"Ni ban yi shiru ba, Yaya. Tun cikin nan bai fito ba na faɗa. In namiji ne, sunan Baba."

Yaya ta kalli labulen da ya raba falon da ɗakin mara lafiya, ta rage murya.

"To ai ba a hana ki ba. A sa sunan a takarda, a rufe a durowa. Mu kuma mu kira shi Zayyan. Haka kowa ke yi. Wa kika taɓa ji ana kiran mai sunan kaka da sunansa?"

"Ba a takarda nake so ba. A baki nake so."

"A bakin wa?"

"A bakin kowa."

Yaya ta tafa hannu, ta juya ga ƙanenta.

"Kai, ka ji matarka. Ka yi magana mana, ko kai ma ɗinkin aka yi maka?"

Wayar Injiniya ta yi gurnani a aljihu. Ya ciro, ya kalli fuskarta, ya kife ta a kan gwiwa.

"A bi komai a hankali," ya ce.

A bayan labulen nan Baba ke kwance. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye aka mayar da ɗakin aikinsa ɗakin jinya. Gadon asibiti ya ci rabin wurin, amma teburinsa na nan yadda ya bar shi: gilashin ido ɗaya da yake maƙalawa, 'yan sukudireba masu sirin tsinke, gwangwanin madara cike da ƙananan ƙarafa. Agogunan bango kuwa sun yi layi har kusa da silin, kowanne ya tsaya a lokacin da ya ga dama, don babu mai murɗa su.

Sakan likitar gashin ƙashi ce. Da hannunta ta tayar da mutanen da aka fid da rai za su sake taka ƙasa. Amma nata uban ya gagare ta. Ta murza, ta miƙar, ta sa masa ƙwallon roba a tafi tana cewa, "Baba, matsa." Yatsun ba su taɓa amsawa ba. Magana kuwa ko kalma ɗaya.

Abu ɗaya tak ta ga yana dawo da shi. Ranar tana miƙar masa da gwiwa, amininsa na ƙuruciya, wani tsohon tela mai dogara sanda, ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga murya kamar suna filin ƙwallo.

"Haladu! Kai Haladu, ragon banza, tashi rana ta yi."

A ƙarƙashin tafinta ta ji tsokar ƙafar ta harba. Baba ya juyo da kai, ya nemi mai kiran da ido, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga. Duk zuwan tela haka ake yi. Sai tela ya kwanta shi ma, bai tashi ba. Shi ne na ƙarshe cikin waɗanda suka isa su kira sunan. Iyaye sun tafi, yayye sun tafi, sa'o'i sun ƙare. Saura masu cewa Baba, da masu cewa Mai Agogo, da Umma mai cewa Malam. Tun daga nan Baba ya juya fuska ga bango.

"Bari in sauko miki," in ji Yaya, ta gyara zama irin na mai ciniki. "Na yi asarar kofuna, ba komai. A sa Khalid. Ai asalin sunan ke nan, mutanen da ne suka lanƙwasa shi. Kin ga kin sami naki, mun sami namu."

"Baba bai san Khalid ba. Ko kin yini kina kira, zai ɗauka ɗan maƙwabta ake nema."

"Yaro fa makaranta zai je. Malama ta buɗe baki tana kiran suna, yara su ji kamar an kira mai gadin makarantar. Ki tausaya masa mana."

"In ya iya karatu, da sunan za a kira shi ya karɓi kyauta."

"Ke dai ba a kayar da ke a magana." Yaya ta taɓe baki. "Kwanan nan fa kike kwance ana yawon nema miki jini gari-gari, ba don wani bawan Allah ba da yanzu wani zancen ake. Maimakon ki zauna ki gode, kin tashi da rigima."

Wayar Injiniya ta sake gurnani. Wannan karon bai ko duba ba, ya danne ta da tafi.

"Yaya, ya isa haka," ya ce.

"Bai isa ba. Tunda an zo nan, gara a faɗa." Ta sake kallon labulen. "Da ma mahaifinki ne, sai mu ce to, an ci mu da hujja. Amma mijin uwa? Mu namu uban Allah ya yi masa rasuwa, an riga an yi masa takwara a gidana, shi ya sa muka bar miki zaɓi. Sai ki ɗauki ɗan farin ƙanena ki ba mutumin da ko ɗigon jininsa babu a jikin yaron? Tsintacciyar mage fa ba ta mage."

Daga kicin aka ji an ajiye murfin tukunya a hankali.

Sakan ta gyara wa jaririn hula. Da ta yi magana, muryarta ba ta tashi ba.

"Ni ce tsintacciyar, Yaya, ba shi ba. A goye Umma ta shigo da ni gidan nan. Wanda kike kira mahaifina, ban san kalar takalminsa ba."

"Ni ba haka nake nufi..."

"Ki bari in gama, ni ma na bar ki kin gama. Ranar da aka kai ni makaranta, malami ya tambayi sunan uba. Baba na tsaye, hannuna a cikin nasa. Ya buɗe baki ya faɗi sunan wancan. A hanya na tambaye shi me ya sa bai faɗi nasa ba, ya ce, Sakan, ba a satar 'ya'ya, riƙo aka ba ni. Yara suka yi ta min waƙar agola, in dawo ina kuka, ya ɗora ni a kan teburin can, ya maƙala min gilashi a ido, ya ce in duba cikin agogo. Ya ce kin ga ɗan ƙarfen nan? Daga wani agogon na ciro shi, amma shi ke tafiyar da wannan."

Ta gyara riƙon jaririn.

"Na yi zazzaɓin da ya kusa kashe ni, a kafaɗa ya kai ni asibiti. Na faɗi jarrabawar shiga jami'a, dangi suka ce a haƙura haka nan, ya ce tsinken sakan ba ya tsayawa don ya zagayo inda ya fara. Ranar da na gama, a gaban dubban mutane aka kira ni da sunan mutumin da bai taɓa feƙe min fensir ba. Kin san wa ya fi kowa tafi? Har hularsa ta faɗi."

Yaya ta sunkuyar da kai tana wasa da zoben hannunta.

"Allah bai ba shi haihuwa ba. Sunansa ba ya kan takardata, ba ya kan ta kowa. Ko allon shagonsa Mai Agogo aka rubuta. Mai kiransa ɗaya ya rage, shi ma ƙasa ta rufe. In ban sa wa yaron nan ba, ranar da Baba ya tafi sunan ya tafi, kamar ba a taɓa yin mutumin ba. To ni ban yi karatu don in zauna ina kallo ba."

"Ke."

Umma ce a bakin ƙofar kicin, tana goge hannu da zani. Ba ta taɓa kiran 'yarta ta fari da suna ba, kuma ba yau za ta fara ba.

"Zo nan."

Sakan ta tashi da ƙyar, hannu ɗaya a mara, ɗaya riƙe da jariri. Suka tsaya a lungun da ke tsakanin kicin da ɗakin Baba, inda ake jingine keken guragu.

"Kin yi magana, kin burge," in ji Umma ƙasa-ƙasa. "Ni fa? Kin tuna da ni?"

"Umma, don ku nake yi."

"Don mu. To faɗa min, in yaron nan ya fara rarrafe ya nufi wuta, me zan ce? In buɗe baki in kira sunan Malam a tsakar gida, da furfurata? Tun da aka kawo ni gidan nan sunan nan bai taɓa bi ta kan harshena ba. Ko a asibiti da suka tambaya, katinsa na miƙa musu."

"Zamani ya..."

"Kar ki kawo min zamani. Zamanin ne ya wanke shi da safe? Ni na san abin da nake bin sa da shi, kunyar nan tana ciki. Ita kaɗai ta rage ina yi masa da yake iya ganewa."

Sakan ta sauke ido kan jaririn.

"Kuma ke da kike cika baki," Umma ta ci gaba, "ɗanki na fari ne, sunan ubanki ne. Kunya biyu a wuri ɗaya. Ke za ki iya?"

"Zan iya."

"Tun ɗazu nake jin ki daga kicin. Sunan Baba, sunan Baba. Ban ji kin faɗe shi ba ko sau ɗaya."

Sakan ta ɗago ta dubi uwarta. Sai ta juya, ta sa kafaɗa ta ture labulen.

Ɗakin na warin man zafi da sabulu. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan agogunan da suka mutu. Baba na kwance ta gefensa, fuska ga bango, ƙwallon roba a buɗaɗɗen tafinsa inda ta ajiye masa tun safe. Ya rame har kunnuwansa sun yi masa yawa.

Ta zauna a bakin gadon a hankali, ta kwantar da jaririn a jikin hannunsa mai lafiya.

"Baba, ga baƙo na kawo maka."

Ko gezau.

Ta ji motsi a bayanta. Umma ta shigo ta tsaya jikin tebur. Yaya ta leƙo ta gefen labule, Injiniya a bayanta, waya a dunƙule a hannu.

"Ku matso," in ji Sakan. "Gara a yi a gabanku."

Ta kalli jaririn. Ba Baba za ta kira ba, ta gaya wa kanta, ɗanta za ta kira. Ɗan da ta sha wuya a kansa, wanda aka tsaga ta aka ciro. Wa zai hana ta? Ita da ta tsaya gaban manyan likitoci ta ce musu sun yi kuskure. Ita da ba a taɓa rufe mata baki a taro ba.

Ta buɗe baki.

"Ha..."

Iska ce kawai ta fito. Harshen ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Ta ga kanta tana 'yar ƙarama a kan teburin can, ƙafafu na lilo, gilashi a ido. Ta sake gwadawa. Sunan ya ƙi fitowa. Gumi ya tsatso mata a goshi, ɗinkin ya soma suka.

"Kin gani ko," in ji Yaya. Babu gatse a muryarta yanzu, har da ɗan tausayi. "Ba mugunta muke miki ba, Likita. Abin ba a boko yake ba. Tashi ki huta, jikinki ɗanye ne."

Hawaye suka zubo wa Sakan, na haushi, masu zafi. Ba ta share ba. Ta sunkuya ta ɗora goshi a kafaɗar tsohon.

"Baba, ka yafe min. Na kasa."

A waje wata mota ta tsaya, aka kashe inji.

Sai Umma ta tako. Ta zagayo ta ɗaya gefen gadon, tsakanin mijinta da bango, inda fuskarsa take. Ba shi ta kalla ba. Jaririn ta kalla. Ta kai yatsa ta shafa ɗan kumatunsa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta kamar amarya.

"Kai kuma," ta ce wa jaririn, "ka zo ka raba ni da kunyata, ko?"

Ta ja numfashi.

"Haladu."

A hankali ta faɗa, kamar mai taka ƙasar da ba ta yarda da ita ba. Jaririn ya yi miƙa. Umma ta rufe ido ta sake faɗa, wannan karon da irin muryar da ake kiran yaro ya bar wasa ya zo ya ci abinci.

"Haladu."

Sakan ce ta fara ji, don goshinta na kan kafaɗarsa. Tsokar ta motsa. Ta ɗago da sauri. Idanun Baba a buɗe suke, suna yawo, suka bi bango, suka bi agogo, suka sauka a kan matarsa. Leɓensa ya yi ta kokawa da kansa. Wani sauti ya taso daga can ƙasa, a shaƙe, a karkace, amma babu wanda bai gane shi ba.

"Na'am."

Yaya ta dafe ƙirji, ta zame ta zauna a kan keken guragu ba ta sani ba. Umma ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza, ba a san dariya take ko kuka ba.

"Ba da kai nake ba, Malam," ta ce cikin mayafin. "Da yaron nake."

Gefen bakin Baba ya ɗaga. Ɗagawar nan da Sakan ba ta sake gani ba tun rasuwar tela. Ya sauke ido a kan ɗan abin da ke kwance a hannunsa, ya daɗe yana dubansa, irin duban da yake yi wa agogo kafin ya buɗe shi.

Aikinta ya motsa mata. Ta cire ƙwallon daga shanyayyen tafin, ta sa yatsunta biyu a wurin.

"Baba, matsa. Sakan ce. Matsa min."

Ta jira. Can ta ji shi, kaɗan, kamar motsin ɗan tsako a cikin ƙwai. Babban yatsa ya lanƙwaso ya taɓa nata.

Ta juyo, fuska jiƙe, tana dariya.

"Yaya, kin ji da kunnenki?"

"Na ji." Yaya na share ido da bayan hannu. "Kofunan nan a sha shayi da su kawai. Ni na janye. Amma ni dai Halad zan riƙa cewa, ku bar ni da ɗan gayuna."

"An bar ki."

Sakan ta nemi mijinta da ido. Yana nan a bakin labule, bai shigo ba. Shi kaɗai ne bai yi murmushi ba. Rigarsa ta jiƙe a ƙirji.

"Injiniya, saura kai. Kai ne uba. Zo ka faɗa masa a kunne, a gaban mai sunan."

Bai motsa ba.

"Kai, ana magana," in ji Yaya. "Ni da na kawo rigimar na sauka, kai me kake jira?"

Wayar ta sake gurnani. Ya kalle ta, ya kalli taga.

"Wai wa ke ta kiranka tun ɗazu?" in ji Sakan.

"Mu je falo mu yi magana."

"A nan za ka faɗa."

Ya shafa fuska da tafi biyu. Da ya sauke hannun, idanunsa sun yi ja.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ya ce, kamar da kansa yake. "Ranar da kika haihu, da suka fito da yaron, ke ba su fito da ke ba. Jini ya ƙi tsayawa. Suka ce irin naki mai wuyar samu ne, wanda suke da shi ya ƙare. Aka gwada ni, bai yi ba. Aka gwada Yaya, bai yi ba. Umma na nan tare da Baba, kuma kin san nata ba irin naki ba ne. Na kira duk wanda na sani. Nas ta fito ta ce min, malam, in akwai wani ɗan'uwa na jini, yanzu ne."

Sakan ta ji yatsunta sun yi sanyi a cikin tafin Baba.

"Ka ce min wani bawan Allah ne."

"Bawan Allah ne."

"Wane ne?"

"Mahaifinki ne. Tun lokacin aurenmu nake da lambarsa, da aka nemi izininsa ya turo wakili. Ban taɓa kira ba. Ranar na kira." Ya juya wayar a hannunsa. "Ko minti bai ɓata ba. Ya zo da jallabiya, takalmi wari da wari. Ya kwanta aka ɗiba, ya ce in bai isa ba a ƙara. Jinin da ke yawo a jikinki yanzu, nasa ne."

Umma ta saki mayafin. Fuskarta ta koma kamar toka.

"To," in ji Sakan. Muryar ba tata ba ce. "To. Allah ya saka masa. Zan je har gida in yi godiya. Meye haɗin wannan da sunan ɗana?"

Injiniya ya kalli ƙasa.

"Da ya tashi daga gadon, jiri na ɗibarsa, ya ce in kai shi ya ga jaririn. Na kai shi. Ya tsaya yana kuka. Ya ce ya san bai cancanci komai ba, amma abu ɗaya yake roƙo a duniya. Ke kina ciki, ban san ko za ki fito ba. Mutum ya ba ki ransa a leda, ya roƙe ni abu ɗaya. Me zan ce masa?"

"Me ka ce masa?"

"Kowa ya ci ladan kuturu..."

"Ba karin magana na tambaye ka ba. Me ka ce masa?"

"A gabansa na ɗauki yaron." Da ƙyar maganar ta fito. "Na yi masa huɗuba da sunansa."

Yaya ta ɗora hannu a ka. Umma ta dafa bango.

Sakan ta kalli ɗanta, ta kalli tsohon da ya gama amsa sunansa. Idanun Baba na kanta, a buɗe tar, kuma ta san wannan kallon. Ya ji. Duk ya ji. Yatsun da suka yi wata da watanni a mace suka tattaru ɗaya bayan ɗaya, suka rufe nata, suka riƙe.

Aka ƙwanƙwasa ƙofar falo.

"Shi ne a mota tun ɗazu," in ji Injiniya a raunane. "Na ce ya jira in yi miki bayani."

Aka sake ƙwanƙwasawa, a hankali, irin ta mai jin nauyi. Sai murya ta ratso labule, muryar dattijo, wadda Sakan ba ta taɓa ji ba, amma Umma na jin ta ta runtse ido.

"Salamu alaikum, masu gida. Ku gafarce ni. Takwarana na zo gani."